Mai Riƙon Waya a Hanyar Tudun Kanya

Ku matso ciki, feshin ruwan nan yana cin bakin tabarma. Ladidi, rage fitilar, ba karatu za mu yi ba. Tun magariba kuke damuna sai Yaya Sallau ya ba ku labari, ni kuwa tun safe nake duƙe a cikin motocin mutane, ƙuguna kamar ba nawa ba. To, zan ba ku guda ɗaya. Amma ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. A kaina ya faru, kuma ban cika son faɗinsa ba.

Kun san aikina, rewaya, gyaran wutar mota. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin ina wani gareji a Funtuwa. Ku kuna ƙanana, kai Ɗantani ko mazagin wando ba ka iya ɗaurewa ba. Ba ku san Innata sosai ba, matar wan babanku, wadda ta zauna a Tudun Kanya har ƙarshen ranta. To a lokacin nan shekara biyu cur ban taka gidanta ba.

Ba komai ya jawo ba sai bakina. Bayan rasuwar Baba ta ce in dawo gida in riƙe gona. Ni kuma ana zaman makoki, a gaban mutane, na ce mata gonar da ta tsotse mijinta har ya mutu bai tara komai ba, ita take so ta ƙarasa ni? Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta shige ɗaki. Washegari na kama hanya ko sallama ban yi mata ba. Tun ina cikin mota na san na yi ɓarna. Amma kun san halin mutumin gareji. Yadda muke ce wa mai mota ya dawo gobe, haka na riƙa ce wa kaina gobe zan je in durƙusa mata, har aka kwashe damina biyu.

Ranar wata Laraba ce, tsakiyar damina. Da hantsi wani abokin hulɗarmu, Ɗan'azumi mai albasa, ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa. Motar nan ta sha duniya, ƙarfenta duk tsatsa. Ya ce waifa ce take masa wasa, yau ta share gilashi, gobe ta ƙi. Ni kuwa ranar motoci huɗu ne a gabana, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na ɗaga bonet, na ɗauki ƙotar sukudireba na ƙwanƙwasa injin waifar. Sai ta tashi. Na zare fiyus ɗinta na sa sabo don dai ya ga an taɓa wani abu, na ce masa an gama. Aikin sha yanzu magani yanzu. Ya ce zai shiga kasuwa, in bar motar a nan sai gobe ya ɗauka, ya bar min makulli.

Ana idar da la'asar yayata Tabawa ta kira ni a waya. Ba ta gaishe ni ba.

"Sallau, in kana so ka samu Inna da rai, yau ne."

Ta ce kwana uku ke nan ko kunu ba ya wucewa. Ta ce tun safe Inna take juya kai tana duban ƙofa, ba ta kira sunan kowa ba, amma kowa ya san wanda take dubawa. Sai wayar ta katse.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, kada matar nan ta tafi da maganar nan tawa a zuciyarta. Ranar ba kasuwar yankinmu ba ce, ba motar da za ta shiga Tudun Kanya. Na kira Ɗan'azumi, ya ce haba, in ɗauki motar, Allah ya ba ta lafiya. Ban tsaya ɗaukar akwatin aiki ba. Abin da ke aljihun rigata shi na tafi da shi: filaya, sukudireba, ƙwan gwajin wuta, da wani guntun waya da bai kai kamu biyu ba.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce in hanya ta yi kyau. Rabi kwalta, rabi burji. Ina kan kwalta hadari ya gangamo daga gabas, baƙi ƙirin. Ina sauka kan burji ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na murɗa makunnin waifa, ta kama. Na ce alhamdu lillahi. Ta yi ta yi har na wuce gonakin rake. Sai na ga tana jan jiki. Ta hau, ta sauko da ƙyar. Ta sake hawa, ta kai tsakiyar gilashi, ta tsaya cak.

Gilashin nan ya zama ruwa zalla. Ko bonet ba na gani.

Na sauke gilashin gefe na zura kai waje. Ruwa ya riƙa dukan idona kamar ana watsa min tsakuwa. Hanyar nan kuwa kun san ta, hagu kwazazzabo, dama kwazazzabo, in tayarka ɗaya ta zame shi ke nan, sai an zo da shanu sun jawo ka. Na lallaɓa haka ban fi tsawon filin ƙwallo ba, na ji tayar baya ta fara sulɓewa. Na taka burki. Wurin da na tsaya gab da gangaren Rafin Maje ne, inda babu gida babu bukka, sai itatuwa.

Na fito. A bayan motar na tsinci wata albasa da ta maƙale a lungu, na fasa ta na goge gilashin da ita, yadda direbobi suke yi don ruwa ya riƙa zamewa. Wannan dabarar ta yayyafi ce. Ruwan ranar ya wanke ta kafin in koma mazauni.

Na ɗaga bonet na ƙwanƙwasa injin waifar kamar yadda na yi da safe. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na ce wa kaina, Sallau, ka ga aikinka ya biyo ka.

To, sai aka koma aikin gaskiya, wanda ya kamata in yi tun da hantsi. Ku saurara, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane abin da ya tsorata ni ba. Wutar mota tafiya take yi ta dawo. Tana fita daga batir, ta bi fiyus, ta bi makunni, ta shiga injin waifa. Daga nan sai ta fita ta wata 'yar waya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, mu muna ce mata wayar jiki, ƙarfen ya mayar da ita batir. In ta samu hanyar shiga ba ta samu ta fita ba, ko motsi abu ba zai yi ba.

Na fara da fiyus. Lafiyarsa ƙalau, sabo ne, ni na sa shi. Na maƙala ƙwan gwaji, ya kama ta wannan baki, ya kama ta wancan. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje ruwa yana dukansu, na bi wayoyin makunni. Wuta tana shiga, in na murɗa tana fita. Na koma gaba na zare soket ɗin injin waifar, na gwada. Ƙwai ya haska. Wato wuta tana isowa har ƙofar gida. Saura hanyar komawa.

Na laluba da yatsa na samo wayar jikin. Nan ciwon yake. Notin da ya riƙe ta ya zama tsatsa tsantsa, shi ya sa in an ƙwanƙwasa take ɗan taɓawa ta tashi. Na kama shi da filaya in murɗa. Notin da ƙarfen da yake zaune a kai suka ɓalle tare, suka marmashe a hannuna.

Na tsaya na dafa motar. Wallahi ba tsoro nake ji ba a lokacin, gajiya ce. Irin gajiyar da mutum zai ji da ma ya kwanta a cikin taɓon nan kowa ya huta. Gari ya yi duhu, ban san ko hadari ne ko magariba ce ta kawo jiki ba. Ina ta ganin Inna tana duban ƙofa.

Na ciro guntun wayar nan. Na fere baki ɗaya da haƙori, na ɗaure a jikin injin waifar. Ɗaya bakin nake so in kai batir, amma batir yana can ɗaya ɓangaren, waya ba ta kai ba. Dole in samu wani wuri kusa, in kankare tsatsa da fenti sai farin ƙarfe ya fito. Hannu biyu gare ni, ɗaya da tocilar wayar salula, ɗaya da sukudireba.

Sai na ji mutum a tsaye a gefena, ta dama.

Ban ji takunsa ba, amma ana ruwa, wa zai ji? Bai yi sallama ba. Ni ma ban yi ba. Nan ne na yi abin da duk mutumin gareji yake yi sau ɗari a rana. In kanka yana cikin inji, duk wanda ya tsaya kusa da kai ɗan hannu ne. Ba ka ɗagowa, ba ka tambayar sunansa. Miƙa masa kawai kake yi. Na miƙa bakin wayar ta gefe, na ce, "Riƙe min nan."

Aka karɓa.

A take na ji waifa ta motsa. Ta ƙarasa hawan da ta bari, ta sauko, ta sake hawa, da ƙarfinta kamar ranar da aka ƙera ta.

Na ɗauka ya dangwala wayar ne a wani wuri mai kyau a jikin ƙofa. Daɗi ya kama ni. Na ce masa nan ne, nan ne, kada ya motsa. Sai a sannan na ɗan dube shi ta wutsiyar ido. Dogo ne, siriri, da malafa wadda ta rufe masa fuska, da wata riga mai ruwan toka. Na ɗauka makiyayi ne ruwa ya tare.

Ya ce, "Ina za ka?"

Na ce Tudun Kanya.

"Hanyata ce."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma duk da ruwan nan na ji ta tar. Abin da na lura, ban kuma ba shi muhimmanci ba, shi ne kamar ba daga ƙarƙashin malafar take fitowa ba. Daga ƙasa take tasowa, wajen ƙafafuna.

Da ina da hankali da na tsaya minti biyar na kankare ƙarfe na ɗaure wayata. Amma a gareji muna da wata magana, abin da yake aiki ba a taɓa shi. Ga shi kuma minti biyar ɗin nan gani nake su ne tsakanina da Inna. Na ce masa ya shiga gaba, mu zaro wayar ta gefen bonet ta taga, ya ci gaba da danna ta a jikin ƙofa har mu isa.

Ya ce, "Mai riƙo yana da rabo?"

Na ba shi amsar da nake ba kowa. Na ce ba komai, in mun isa ma yi magana.

Ban ga lokacin da ya buɗe ƙofa ba. Na rufe bonet a hankali kan wayar, na zagayo, na tarar da shi a zaune. Waifa ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Muka gangara Rafin Maje, ruwa yana dukan ƙasan motar, muka haye. Gilashi fes. Na ji wani sanyi a raina. Mutum in ya gaji bakinsa ba ya riƙe magana. Da ya tambaye ni abin da zan je yi a irin wannan ruwa, sai na kwashe duka na faɗa masa. Maganar gona, zaman makoki, shekara biyu. Abin da ban taɓa faɗa wa matata ba na faɗa wa mutumin da ban ga fuskarsa ba.

Ya ce, "Wato karɓa za ka je yi."

Na ce yafiya zan je nema, in Allah ya sa na same ta.

"To. A ciki zan ɗauki nawa."

Na ɗauka irin zancen mutanen daji ne. Har na ɗan yi murmushi.

Ɗantani, in za ka matse Ladidi haka gara ka koma bayana. Ba a zo wurin ba tukuna.

Abu na farko da na lura da shi wari ne. Ni na jiƙe sharkaf, ina warin taɓo da albasa. Mutumin da ya fito daga cikin ruwa ya kamata ya yi warin jiƙaƙƙen tufa. Shi kuwa ƙanshin busasshiyar ƙasa yake yi, irin na cikin tsohon rumbu. Tagarsa a buɗe take saboda waya, ruwa yana fesowa har kan cinyata. Na saci kallon hannun rigarsa. A bushe yake.

Na biyu, kujera. Kujerar motar nan doguwa ce guda ɗaya, soso ya mutu, ko yaro ya zauna a wancan gefe sai ka ji ta lotsa. Ban ji komai ba. Muna faɗawa rami ina tsalle har kaina yana taɓa rufi, shi ko gezau.

Sai aka yi walƙiya, doguwa, wadda ta haska cikin motar kamar rana.

Na ga hannunsa. Bai danna wayar a jikin ƙofa ba. Tana tsakanin yatsunsa biyu, a sama, tsakiyar taga. Ba ta taɓa ƙarfe ko ɗaya ba.

Ku ba za ku ji abin da na ji ba, don ba aikinku ba ne. Shekara goma sha huɗu ina wasa da wutar mota a lokacin. Jikin ɗan Adam ba ya mayar da wutar batir. Ko mutum goma suka riƙe wayar nan waifa ba za ta motsa ba. Amma ga ta tana hawa tana sauka.

Ban so in duba ƙasa ba. Idona ne ya tafi da kansa. A gefen fasinja tsatsa ta cinye daɓen motar, akwai rami wanda Ɗan'azumi yake rufewa da kwali. Babu kwalin. Ƙafafun mutumin sun bi ta ramin nan sun sauka. Ba su da ƙarshe a cikin motar. Suna can ƙasa a kan hanya, a tsaye, mu kuwa muna gudu. Ba sa ja, ba sa karo da dutse, ba sa ƙara.

Tsigar jikina ta tashi. Na fara abin da kowane Musulmi zai fara, na ce a'uzu billahi.

Waifa ta rage gudu.

Na ci gaba, a hankali, cikin maƙogwaro. Kowace kalma na furta sai ta ƙara sanyi. Ruwa ya fara taruwa a gilashi. Na kama Ayatul Kursiyyu, ban kai ko'ina ba ta tsaya a tsakiya tana rawa. Hanya ta ɓace min. Na ji tayar gaba ta hau gefen kwazazzabo.

Muryar ta taso daga ƙasa, ba faɗa, ba tsawa.

"In saki?"

Daga nan zuwa Tudun Kanya tafiyar kusan awa biyu ce a ƙafa, cikin taɓo, ga wani rafin a gaba. A mota minti ashirin. Na yi lissafin nan a cikin ƙiftawar ido. To ga abin da ya sa ba na son ba da labarin nan. Na yi shiru. Ni da bakina na katse ayar Allah a tsakiya don waifa ta tashi. Ba wanda ya shaƙe ni. Zaɓa na yi.

Ta kuwa tashi.

Na kafa idona a kan hanya, ban ƙara waiwayawa dama ba. Hawaye suna zubo min, ban san na tsoro ne ko na kunya ba. Na ji ƙyamar kaina ƙwarai. Amma ƙafata ba ta bar totur ba.

Muka haye rafi na biyu. Muka wuce makarantar firamare. Na hango hasken fitilar ƙwai a zauren gidanmu, mutane a tsugune a ciki. Na taka burki a ƙofar gida. Waifa ta sauko ta kwanta a wurin kwanciyarta.

Na juya. Ba kowa. Ƙofa a rufe. Wayar tana lilo a bakin taga, ruwa yana ɗiga daga bakinta.

Ban tsaya gaisawa da na zaure ba. Na ji wani yana cewa ga Sallau, ga Sallau. Na faɗa ɗakin Inna da taɓona da komai. Tabawa tana zaune a gefen gado ta riƙe mata hannu, ga wasu mata biyu maƙwabta a jikin bango. Inna ta rame har ban so in gane ta ba. Amma idonta biyu, kuma yana kan ƙofa.

Na zube a gaban gadon. Na ce, "Inna, ni ne. Na yi miki laifi. Ki yafe min don Allah."

Ta daɗe tana dubana. Sai ta zare hannunta daga na Tabawa, da ƙyar, ta ɗora min a ka. Hannun ba nauyi. Ta buɗe baki.

A daidai nan duniya ta ɗauke.

Ba ruwan da ke dukan kwano. Ba shessheƙar mata. Ko numfashina ba na ji. Kamar an tura kaina cikin randa. Ina ganin leɓenta yana motsi. Ta yi magana mai tsawo, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Na ga Tabawa ta rufe baki da mayafi. Na ga matan nan sun ɗaga hannu suna shafawa. Na matsa da kunnena har ya kusa taɓa bakinta, ina jin ɗumin numfashinta a kuncina. Ko harafi ɗaya bai shiga ba.

Ta rufe baki. Sai ƙarar ruwa ta dawo gaba ɗaya, da muryar Tabawa tana cewa amin, amin.

Na ce, "Inna, sake faɗa. Ban ji ba."

Ta riga ta lumshe ido. Tabawa ta taɓa ni ta ce in bar ta ta huta, ai ta gama. Na zauna a wurin na riƙe ƙafarta ina jira ta farka. Ba ta ƙara magana ba. Kafin a kira assalatu Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an kai ta an dawo na ja Tabawa gefe na tambaye ta abin da Inna ta ce. Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce ba a kunnena aka faɗa ba? Na ce ta dai faɗa min. Ta ce Inna ta ce ta yafe min duniya da lahira, ta ce tun ranar da na tafi ta yafe, jira kawai take in zo ta faɗa min da bakinta. Ta sa min albarka, ta sa wa 'ya'yana. Har wani suna ta kira ni da shi, wanda take kirana ina ƙarami.

Na je wurin limamin garin na faɗa masa komai, har ayar da na katse. Ya ce in yi istigfari, in kuma kwantar da hankalina. Ya ce yafiyar uwa ba abin da wani mahaluki zai iya ɗauka ba ne, ta hau kaina ko na ji ko ban ji ba, ga shaidu uku. Na yarda da shi. Har gobe na yarda.

Amma ni na san abin da aka ɗauka. Shekara biyu ban ji muryar Inna ba. Na yi tafiyar nan don in ji ta. Maganar ƙarshe da kunnena ya ji daga bakinta ita ce ta ranar makoki, da ta ce in dawo in riƙe gona. Wadda ta biyo baya kowa a ɗakin ya samu, har maƙwabta, ban da ni.

Motar kuwa, kwana uku bayan nan na kankare ƙarfe na ɗaure wayar jiki da sabon noti. Minti biyar bai cika ba. Na zauna a cikinta na yi kuka kamar yaro.

Duk sallah in na je wurin Tabawa sai na sa ta maimaita min. Tana haƙuri da ni, tana faɗa. Sai dai bana ta ce "na yafe maka" Inna ta fara cewa, bara kuwa ta ce sunan nan ta fara kira. Ita ma tsufa ya fara kama ta. Matan nan biyu duk sun rasu. Ranar da Tabawa ta manta, shi ke nan, ba wanda zan tambaya.

Don haka ku ji ni da kyau. Hanyar Rafin Maje, in hadari ya haɗu, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai, ko a mota ko a ƙafa. In kuma wani ya tsaya a gefenku a wurin da ba kowa, ku yi masa sallama, ku ji ya amsa, ku ga fuskarsa, kafin ku miƙa masa ko da tsinke ne.

Ladidi, ga Gwaggo can tana kiranki tun ɗazu daga ɗaki, kina ji kina yi kamar ba ki ji ba. Tashi ki je ki ji abin da take cewa.